Sunan da Lauratu Take Kira

A tashar Kaura Namoda, saura mutum biyu motar Shinkafi ta cika. Silas mai shagon magani ya kasa ɗauke ido daga wani ɗan abu da ya leƙo ta ƙarƙashin hular Malam Namadi, dattijon da ke zaune kusa da shi.

"Baba, wannan na amsa waya ne?"

"Ina! Na ji ne. Sanƙarau ya kashe mini kunne, shekara bakwai ko tsawa ba na ji. Likitoci suka dasa mini na'ura cikin kai, wanga na waje yana manne da ita."

"Yanzu kana jina sosai?"

"Kamar tsohuwar rediyo, amma ina ji. Rage murya dai, a gida ba su sani ba. Ce musu na yi ba a gama saitawa ba."

"Haba Baba! Bayan duk wahalar nan?"

"Ai ka san mu, mace ba ta kama sunan mijinta. Shekara talatin Lauratu Malam take ce mini. Ran da aka kunna abin nan na koma gida, ta aje mini tuwo, ta tsaya bayana ta ce, 'Ci mana, Namadina, duk ka rame.' Ashe tun da na kurumce haka take yi."

Silas ya tuntsire da dariya. "To yaushe za ka gaya mata?"

Namadi ya jawo hularsa ya rufe abin. "Ran da na faɗa, na koma Malam. Bari dai likita ya ƙara wata guda yana saiti."