Zoben Roba Daga Gwangwanin Kek

Shugaban Ƙungiyar Kanikawan Esi da Lagireto ta Pingtung, Dattijo Kan Wen-hsiung. 'Yan kwamitin ba da shaidar ƙwarewa. Maigida Liao, mai kamfanin bas-bas, wanda nake hange ya naɗe hannu a teburi na biyu. Abokan sana'ata, masu furfura da masu baƙin gashi. Iyalanmu da suka daure da warin mai a jikinmu shekara da shekaru: ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ina godiya da aka ba ni, ni Tu Chin-fa, damar magana kafin a kawo miyar kifi, domin na san bayan an kawo ta babu mai saurarena. An ce in yi bayani kan yadda ake zaɓen zoben robar da ke toshe mahaɗar tiyo, tunda na shekara arba'in ina sa shi. An kuma ce bayan jawabina za a kaɗa ƙuri'a kan ko za a ba 'yata, Pei-lan, shaidar ƙungiya, wadda aka hana ta tun wata takwas da suka wuce. Ku yi haƙuri, maganar biyu ɗaya ce.

Na farko, ku tambayi abin da zoben zai zauna a cikinsa. Robar lagireto ta saba da ruwan zafi, amma in baƙin mai ya taɓa ta sai ta kumbura ta yi laushi. Robar esi kuwa, wato na'urar sanyaya cikin mota, dole ta jure gas, ta jure man kwamfuresa mai tura gas ɗin, ta jure zafin da ke bakin kwamfuresa a watan Yuli. Kowace da gidanta, kuma wadda aka kai gidan da ba nata ba, ba za ta daɗe ba.

Na biyu, launi ba shaida ba ne. Mu tsofaffi mun haddace cewa kore na esi ne, baƙi na ruwa, muka kama wannan kamar karatun makaranta. Alhali kama da wane ba ta wane. Akwai baƙi mai nagarta, akwai kore wanda ba a san asalinsa ba. Abin da aka rubuta a jikin leda shi ne shaida: irin robar, da lambarta, da shekarar da aka yi ta.

Na uku, a auna da ma'auni. Kada a auna da ido, kada a auna da babban yatsa. Kuma zoben da aka cire ba ya komawa, ko da kuwa yana ƙyalli.

To, ga inda zance ya zo kaina. Ku dubi wannan gwangwanin da na ɗora a teburi. Gwangwanin kek ne na bikinmu na cikar wata, kuma kada kowa ya yi mini dariya, domin na san a ƙarƙashin bencin kowannenku akwai irinsa. Duk zoben da ya rage daga aiki, cikinsa muke jefawa. Babu leda, babu lamba, babu shekara. Mun ɗauke shi dabara, muna alfahari da cewa yatsunmu sun san kowane.

A watan Yulin bara Maigida Liao ya kawo bas ɗin da zai kai tsofaffin unguwarmu ziyara ɗakin bauta na Beigang. Pei-lan ce ta karɓi aikin, sunanta ne a katin aikin. Ta canza tiyon esi, ta yi odar zobe na ainihi, ta ce da ni, "Baba, sai gobe zai iso. Motar nan ba ta fita yau." Ta tafi cin abincin rana. Sai ga Maigida Liao, gumi sharkaf, ya ce, "Tsoho Tu, shekara arba'in kana aikin nan, yau kuma yarinya ce za ta hana ka ɗaura roba ɗaya? Ko ita ce maigidan yanzu?" Maganar ta sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Na ce, "Kai dai je ka sha shayi." Na buɗe gwangwanin nan, na zaro wani kore, na murza shi tsakanin yatsu, na ce ya yi, na ɗaura shi. Da Pei-lan ta dawo, na ce mata odar ta iso da wuri.

Kun san sauran. A kan babbar hanya, rana tsaka, gas ya zurare, esi ya mutu. Tsofaffi talatin da shida a cikin motar da tagoginta ba sa buɗuwa. Inna Chiu, mai shekara tamanin da ɗaya, ta sume, ta kwana uku a asibiti. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kwamiti ya duba kati, ya ga sunan Pei-lan, aka ce ba ta ƙware ba tukuna. Wasu a ɗakin nan suka ce, "Dama mace da sufana?" Na ji ku da kunnena. Na ji kunyar a ce Tsoho Tu ya yi kuskure, sai na bar kunyar a kan 'yata.

Makon jiya ina neman filaya a akwatin kayan aikinta, na tarar da 'yar leda. A ciki ga zoben nan kore, ya bushe ya tsage, tsohon kaya ne da ba a san shekarunsa ba. Ta manna takarda kamar yadda take yi wa komai. Ta rubuta ranar. Ta rubuta lambar motar. Ta rubuta mahaɗar da aka cire shi. A layi na ƙarshe ta rubuta "Wanda ya sa", ta bar gurbin babu komai. Ashe tun ranar ta sani. Wata takwas tana zuba mini shayi kowace safiya, ba ta ce uffan ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shugaba, ina roƙon abu biyu, kuma ina roƙonsu da kai a sama, domin na san gaskiya nake faɗa. A kafa doka cewa babu ɗan ƙungiyar nan da zai sa zoben da ba shi da leda da lamba. Sa'an nan, in za a karɓe shaidar wani saboda bas ɗin Beigang, ga tawa, na zo da ita. Wadda ta ce mota ba ta fita, ita ce bakanikiyar ƙwarai da ke garejina a ranar.

Ubangijin Sama ya ƙara wa Inna Chiu lafiya, ya tsare matafiyan da ke dogara da aikin hannunmu, ya ba mu 'ya'yan da suka fi mu, ya kuma ba mu zuciyar yarda da hakan. Ya mai da kowa gida lafiya.

Pei-lan, ga ledarki. Na cike gurbin da hannuna. Shugaba, a karanta sunan a gaban kowa kafin a kaɗa ƙuri'a.

Na gode.