Man Saniyar Ƙarshe

Ƙotar bindigar Ɗangana maharbi ta fara tsagewa a shekarar babban fari, don ya rasa man shafa mata. Ran kasuwar Gidan Rumji ya tsuguna gaban wata tsohuwar Bafillata mai ɗan man shanu a ƙoƙo.

"Gwaggo, nawa man?"

"Ɗiyanka za ka ba?"

"Bindiga zan shafa wa."

"Kai Kaɗo, ji tsoron Allah! Mutane na cin ganye babu gishiri, kai icce za ka ciyar?"

"Iccen nan shi ke ciyar da gidana. In ya rabe biyu mun mutu. Na sai da jaki, na sai da akuya, amma ita ba ni bari ta lalace."

"Na saniyata ta ƙarshe ne. Shekaranjiya ta faɗi. Na kai shi baki, ya ƙi haɗiyuwa."

"To, ba ni shi."

"Ba ni son kuɗi, ba a tauna su. Mi ke cikin burgaminka?"

Ƙyafaffen zomo ne, abincin iyalinsa na ranar. Ɗangana ya daɗe yana duban tsagar, sannan ya miƙa mata zomon, ya lakaci man ya shiga murza ƙotar.

Ranar nan, ruwa kawai suka sha a gidansa.