Doguwar Kujerar Gaba

A bencin jira na wani gareji, wani dattijo da wani saurayi suna kallon wata jar mota mai ƙofa biyu.

"Baba, ka ji rurin injin nan? Wannan ita ce mota!" in ji saurayin.

"Hayaniya dai, yaro. Tawa mai ƙofa huɗu ce, kujerar gabanta doguwa kamar bencin nan. In na sha kwana da gudu, sai uwar 'ya'yana ta zame ta faɗo kafaɗata, tana ta mita."

"Kai, Baba! Da gangan?"

"Akwai miƙaƙƙiyar hanya zuwa gidanmu. Ban taɓa bin ta ba."

Saurayin ya kwashe da dariya. "Har yanzu kuna wannan zagayen?"

"Tun da ta rasu, miƙaƙƙiyar nake bi."