Sujada Ɗaya Cikin Shekara Huɗu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara maka lafiya, kai da masu sauraro. Sunana Issaka, daga Krofrom.

Da ni bakanike ne a Suame, har ranar da mota ta zame daga kan jak ta danne mini baya. Tun daga nan ƙafafuna suka sandare kamar itace. In matata Hajara ta zo lanƙwasa mini gwiwa, sai ƙafar ta yi harbi da kanta. Shekara huɗu a kwance nake sallah.

Watan jiya wani likita ya ce zai gwada zuba magani cikin ruwan lakar bayana. Da hantsi ya yi allurar, kafin azahar gwiwoyina sun saki. Hajara ta shimfiɗa darduma, ta ce, "Maigida, bismilla." Ta tallafe ni har goshina ya taɓa ƙasa. Wallahi na daɗe ban ɗago ba, ina kuka tana kuka.

Kafin magariba ƙafafun sun koma yadda suke. Likita ya ce dama gwaji ne. Sai an dasa mini wata 'yar na'ura a jiki mai ɗiga maganin kullum, su kuwa a asibitinsu ba su da ita, ba su kuma san ranar samunta ba.

Da can na haƙura da halin da nake ciki. Yanzu haƙurin ya ƙi zama.

Ina gaida abokan aikina na Suame. Jama'a, ku ba ni shawara. Hajara ta rataye dardumar inda nake ganinta daga gado, ta ƙi ɗauke ta. In sa ta ɓoye ta, ko in ci gaba da kallo?