Kashi na Biyu a Motar Kebbe

A tashar Tambuwal muna jiran motar Kebbe ta cika, wani dattijo ya karkato wayarsa wajen matar da ke gefensa.

"Hajiya, dubi wanga fim na makarantar birni, inda aka sace wayoyin ɗalibai. Ga Bayarabe, ga ɗan Ibo, ga Bafillace, amma da aka tashi neman ɓarawo sai mai Sakkwatanci!"

"Ka ga ya ɗauka, Malam?"

"Duk ajin shi suka nuna, kuma ruwa ba ya tsami banza. Wai wanga yaro, Abdulbaƙi, ke neman ɗiyar ƙanena a Fakku. Can za ni, in hana."

"Kashi nawa mai tura fim ya tura maka?"

"Ɗaya."

"To, a na biyu ɗan shugaban makarantar ne ɓarawon. Abdulbaƙi ya kama shi, da Sakkwatancin nasa."

"Ke ina kika sani?"

"Ni na haife shi. Ni ma Fakkun za ni, gaida surukai."

Dattijon ya daɗe yana gyara hularsa.

"Hajiya... kina da na biyun?"

"Ungo wayata. Hanyar Kebbe na da nisa."