Tutar da Anka Tsoma Sau Bakwai

MAI WAYA: Malam Barmo, ga Illela. Ɗauki.

LABBO: Alo? Yaya Barmo? Salamu alaikum.

BARMO: Alaikumus salam. Wa ke nan? Ɗaga murya, wayar na ƙara kamar ana suyar gyaɗa.

LABBO: Labbo ne, ƙanenka.

BARMO: Labbo? Lahiya? Anka zo tasha anka ce ana nemana gidan waya, na bar kamiyo, motar kaya, buɗe na sheƙo. Inna ce?

LABBO: Inna lahiya lau take. Ina wuni?

BARMO: Lahiya. Ina gajiya?

LABBO: Babu gajiya. Ina mutanen Ƙonni? Ina Shatu da yara?

BARMO: Suna nan ƙalau. Ina Delu? Ta warware?

LABBO: Ta warware, tana gaishe ka. Ina aiki?

BARMO: Aiki da godiya. Kai kuma ina buro, ohis ɗin naku? Wayar wa ka samu haka da rana tsaka?

LABBO: Ta kwamanda ce. Ya hita cin abinci, nic ce bari in yi sauri. Yaya, an ba ni tuta.

BARMO: An ba ka mi?

LABBO: Tuta. Ta tseren motocin gobe, waɗanda za su taso daga Tawa da sahe. Mai Lohe, baturen nan mai shirya tseren, shi yas sa sunana.

BARMO: To. A ina?

LABBO: Gangaren Badagishiri.

BARMO: Gangaren Badagishiri.

LABBO: Kana ji na?

BARMO: Ina jin ka. Wurina ke nan. Shekara biyu ni ke tsayuwa can.

LABBO: Na sani, Yaya. Bana ne sunka ce sai wanda ya iya karanta takardar hanya da rubuta lambar mota.

BARMO: Sai ɗan lakwal, wanda ya yi boko. Wa yak kai ka lakwal ɗin? Wa ya riƙa goya ka bayan keke kana kuka da majina?

LABBO: Kai ne.

BARMO: To madalla. Ni da na ci ƙurar gangaren nan har na yi sati ina tari, ba wanda ya aiko mini ko sallama. Sai a waya nike ji, wayar ma ta aro.

LABBO: Don Allah kada ranka ya ɓaci.

BARMO: Ya riga ya ɓaci, ba ni ɓoye maka. Sai mi kuma?

LABBO: Mai Lohe ya ce in gobe ta yi kyau, zai tahi da ni Yamai, ya sa a koya mini tuƙi, in riƙa ja mishi mota.

BARMO: Kai? Kai da ko jaki ba ka iya juyawa ba?

LABBO: Haka dai yac ce.

BARMO: Sau uku ina roƙon mutumin nan wannan aiki. Sau uku yana busa mini hayaƙi yana cewa baɗi. Ashe baɗin naka ne. To, in tutocina kake so aro, suna ƙasan akwati, kuma can za su kwana.

LABBO: A'a, ai ka san doka, kowa da nashi. Na haɗa nawa. Su nike so in hwaɗa maka ka ji ko sun yi.

BARMO: Ka ma san aikinsu? Rawaya.

LABBO: Akwai hatsari gaba, a rage gudu.

BARMO: Ja.

LABBO: Kowa ya tsaya.

BARMO: Ka tuna Rabilu na Dogarawa? Bara ya ɗaga ja don akuya ta gitta, mota huɗu sunka tsaya a banza. Jandarma yak karɓe tutocin gaban jama'a, yak kore shi. Har yau in ya shiga kasuwa sai an yi mishi kukan akuya.

LABBO: Allah ya kiyaye.

BARMO: Amin. Hwara.

LABBO: Abu mai tahiya sannu na kan hanya, amalanke ko raƙumi. Tsanwa kuma, hanya ta buɗe.

BARMO: Ban tambaye ka tsanwa ba. Shuɗiya.

LABBO: Wanda ya hi ka gudu na bayanka, ka ba shi hanya. Ita za ni hi ɗagawa, tunda a gangaren ƙura ba ta barin direba ganin na baya.

BARMO: Ni na gaya maka haka, ba takarda ba. Baƙa hwa?

LABBO: Wannan Mai Lohe kaɗai ke da ita. Direban da anka nuna wa baƙa, an hitar da shi tsere, ya koma gehe ya kashe mota.

BARMO: Ka haddace kamar karatun allo. Ina kas samu yadi?

LABBO: Rawaya da ja da tsanwa na samu kasuwar Illela. Hwarar, Delu ta yanka sabon zanen gadonta. Ita taɗ ɗinke su duka, kamu ɗaya da rabi kowace, ta yi kalmasa biyu don iska. Sanduna na geza ne, na heƙe su na goge.

BARMO: Geza na karyewa.

LABBO: Na gasa su a wuta kamar yadda kake yi.

BARMO: Hm. Shuɗiyar?

LABBO: Ita ce labari. Shuɗin da na gani kasuwa duk ya koɗe, kamar rigar da ta sha wanki. Sai Baba Tanimun, surukina, yac ce shi da karohin rini goma a Badagishiri, ba a kai mijin ɗiyarshi gaban bature da wannan abin kunya. Yak karɓi hwarin yadi yac ce in bar mishi.

BARMO: Ya rina maka da baba?

LABBO: Sau bakwai ya tsoma ta, Yaya. Sannan yak kai mabuga anka buge ta da shuni. Ka ga sheƙi kuwa? Kamar rawanin Buzu ranar salla.

BARMO: Sau nawa kac ce?

LABBO: Bakwai. Ya ce ko turkudin amarya iyakarshi ke nan. Alo? Yaya?

BARMO: Ina nan.

LABBO: Nic ce ko ta yanke.

BARMO: Waya ce. Daga nesa yaya take?

LABBO: Ai abin dariya, na sa Delu ta tsaya bakin rijiya na ɗaga mata daga ƙohwar gida, sai tac ce wai ita baƙa take gani. Nic ce ke mi kinka sani game da tuta.

BARMO: Haka ne. Mi ta sani.

LABBO: To ka ji. Yanzu Baba Tanimun ya ce in ina so, in kai mishi da la'asar ya ƙara mata tsomi ɗaya, ta kwana ta bushe. Ni kuma na ce sai na ji daga bakinka. A ƙara ko a bari?

BARMO: Ni kake tambaya? Ba kai ne mai takarda ba?

LABBO: Takarda ba ta san rini ba.

BARMO: A ƙara.

LABBO: A ƙara ko?

BARMO: Tunda Yamai za ka, ai gara a gan ka da kyau. Ka ɗaga ta sama sosai, musamman ga motocin gaba.

LABBO: Alhamdu lillahi. Wallahi yau kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ina tsoron kiranka, don na san wurinka ne anka ba ni, ina tsoron kuma in hita ba ka sa baki ba.

BARMO: Ai Mai Lohe zai duba su da kanshi. Kullum yana bi wuri wuri yana dubawa kahin a taso.

LABBO: Ban da nawa. Jiya ya bi na Malbaza da na Dogarawa, ni ko yac ce ba sai ya tsaya ba.

BARMO: Don mi?

LABBO: Cewa ya yi, kai ƙanen Barmo ne, ka kai mishi ya gani. In Barmo ya ce sun yi, sun yi. Wai daga Tawa har Ƙonni babu mai idon tuta kamar kai. Tahinta ma sai da ya maimaita mini.

BARMO: Shi yac ce haka?

LABBO: Da bakinshi. Ya ce takardar nan ce manyanshi sunka ɗora mishi, da ba ya canza ka. Na so in kawo maka su Ƙonni, kwamanda ya hana ni hita. Inna ma ta ce sai an kai ta a amalanke gobe. Ta gaya wa duk unguwa wai hannun Labbo ne zai ɗaga, amma idon Barmo ne.

BARMO: Labbo, tsaya. Saurara da kyau. Shuɗiyar nan...

LABBO: Yaya, ga motar kwamanda ta shigo. Za ni aje.

BARMO: Kada ka aje. Kada ka kai ta...

LABBO: Ban ji ba, waya na ƙara. In kai ta? Yanzu ina tashi za ni kai. Na gode, Allah ya bar zumunci. Gai da Shatu.

BARMO: Labbo. Delu ta yi gaskiya. Labbo? Alo?

MAI WAYA: Illela sun aje, Malam Barmo.

BARMO: Maido mini su, don Allah.

MAI WAYA: Kwamanda ya ɗauka, yana neman Tawa, ba ya saki sai la'asar. In ya gama kuma buro ya tashi, sai gobe ƙarhe takwas.

BARMO: Ƙarhe bakwai motocin ke isa gangaren. Badagishiri hwa? Haɗa ni da kowa can.

MAI WAYA: Wayarsu ta yanke tun shekaranjiya. Ai ina jin ku, ka samu lokaci isasshe. Ba ka ji shi da kyau ba ne?

BARMO: Na ji shi sarai. Tun da yac ce bakwai na san baƙa za a gan ta.

MAI WAYA: To aje, akwai mai jira bayanka.