Makullin Rumfar Baban Nanret

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sunana Saratu, gwauruwar marigayi Dauda mai sayar da katako, wanda kuka sani da Baban Nanret. Idan kun ji muryata tana rawa, ba tsoro ba ne, raina ne har yanzu a ɓace.

Da muka binne maigidana a ƙauye, dangi suka zauna kamar yadda aka saba. Wansa, Yaya Bulus, ya ce a kawo makullin rumfarmu ta kasuwar Katako, zai riƙe wa yara har in gama makoki. Ni da hannuna na durƙusa na miƙa masa, har da godiya. Rumfar nan ita ce tuwonmu, ita ce makarantar Nanret da ƙannenta biyu.

Ina zaune cikin baƙaƙen kaya sai maƙwabcin rumfar ya aiko mini cewa ya ga Yaya Bulus da wani baƙo suna auna wurin, wai zai sayar masa. Na kira Yaya Bulus a waya. Ya ce mace ba ta da baki a kayan gidansu, in ina son zama in yi shiru. Kai jama'a! Ƙasar kabarin ƙanensa ba ta ko bushe ba!

Na shiga ɗaki na faɗi ƙasa. Ba addu'a mai ladabi na yi ba. Na ce wa Allah, ba kai ka ce kai ne uban marayu ba? To ga su nan, ka tashi.

Ranar zumuntar mata na kasa waƙa, sai kuka. Matar da ke buga tulu kusa da ni, Rifkatu, ta ja ni waje. Ashe Rifkatu lauya ce, ofishinta na Titin Bauchi, ni kuwa tulu kawai na sani a hannunta. Ta bayyana mini cewa tunda Dauda bai bar wasiyya ba, ba mai ikon sayar da ko ƙusa sai sashen gado na babbar kotu ya ba shi takardar kula da dukiyar, kuma mata da 'ya'ya ne a gaba. Za a kai shaidar mutuwa da ta aure, a sanar a jarida ko akwai mai ja.

Mai ja kuwa ya fito. Yaya Bulus ya je kotu ya ce wai da kuɗin gida aka kafa rumfar. Mutumin da bai taɓa ɗaga katako ɗaya a wurin ba! Muka yi ta sintiri, yau a ɗaga, gobe a ɗaga, na rame kamar kara.

Ranar zaman ƙarshe, sai ga surukata da sandarta, daga ƙauye, ba wanda ya aika mata. Ta dubi ɗanta a gaban kowa ta ce, "Bulus, ni na haife ka, ni na haifi Dauda. Rumfar nan guminsa ce da na yarinyar nan. Ba ta makullinta."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Kotu ta ba ni takardar kula da dukiyar, shi kuma ya mayar mini da makullin.

'Yan'uwana mata, makoki ba ya hana tambaya. Ku nemi lauya kafin ku miƙa komai, ku dogara ga Ubangiji. Fasto, na san an ce mu gafarta. Ban kai can ba tukuna, ku sa ni a addu'a. Amma ga makullin nan a hannuna, kuma gobe da safe ni zan buɗe rumfa. Godiya ta tabbata ga Yesu. Amin.